Yadda Za Ka Sa Kyamara Ta Ƙirga Maka Kaya a Ƙofar Sito

Na daɗe ina riƙe da makullin wani siton taki da shinkafa a kan titin Bauchi, cikin garin Gombe. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san zafin ranar da tirela uku suka iso tare ana dab da faɗuwar damina. Kowace mota buhu 600, 'yan dako na kai da komo, direba yana tsaye a kanka sai ka sa masa hannu a takardar kaya. Wata rana lissafina da na mai kaya ya saɓa da buhu bakwai, aka cire kuɗinsu daga albashina. Abin ya tsaya mini a rai, har na kira ɗan yayana da ya karanci kwamfuta na ce ya nemo mana mafita. Ya ce, "Baffa, kyamara za ta iya, amma sai kun gyara jeren kayanku tukuna." Da farko ban gane ba. Yanzu kuwa da wannan nake fara yi wa kowa bayani.

Kyamara gefen kaya kawai take gani, ba ta ganin tsakiya. Saboda haka dole kowane falet, wato katakon da ake ɗora kaya a kai, ya zama da jeri iri ɗaya. Namu mai santimita 120 ne a tsawo, 100 a faɗi. Buhu biyar muke sawa a kowane hawa, hawa shida, buhu 30 ke nan, tan ɗaya da rabi tunda kowane buhu kilo 50 ne. Tirela guda falet 20. Idan na'ura ta ƙirga hawa shida cikakku daga gefe, ta leƙo daga sama ta ga biyar, lissafi ya fito. Amma mai son cuta zai iya barin rami a tsakiya ya rufe da buhu, shi ya sa muka binne sikeli a ƙasan ƙofa. In ido ya ce 30, sikeli ya nuna an rasa kilo 50, akwai magana.

Sai kowane falet ya samu suna. A kasuwancin duniya ana amfani da lamba mai alƙaluma 18 da ake kira SSCC, ƙarƙashin tsarin GS1, wato ƙungiyar da ke tsara lambobin kaya a duniya, kuma kamfanin da ya yi rajista a Najeriya lambar rajistarsa da 615 take farawa. In kayanka a cikin sitonka kawai suke juyawa, lambar QR, wato zanen nan mai kusurwa huɗu da ake karantawa da kyamara, ta isa. Kamfanin Denso Wave na Japan ne ya ƙirƙiro ta a 1994, kuma idan ka buga ta a mataki mafi ƙarfi, ana iya karanta ta ko da kusan kashi 30 cikin ɗari ya lalace. A wurin da buhu ke gogar buhu, wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Ka manna takardar a gefe biyu masu maƙwabtaka, tsakanin santimita 40 zuwa 80 daga ƙasa. Kada ka yi amfani da irin takardar rasit ɗin POS, zafin Maris da Afrilu zai cinye rubutunta kafin a sayar da kayan. Kuma in kana naɗe kaya da leda, a saman ledar za ka manna, domin ƙyallinta yana makantar da kyamara.

Ƙofa ɗaya za ka zaɓa, duk kaya ta nan za su shiga su fita. Kyamara uku muka kafa: dama, hagu, da sama. Mun ja jan layi da fenti a ƙasa, mai tuƙa motar ɗaga kaya ya tsaya a kai na daƙiƙa biyu. Wannan 'yar tsayuwar ta hutar da mu sayen kyamara mai tsada, don mai araha hotonta yana dishewa in abu na tafiya.

Haske ne ya fi ba mu wahala. Ƙofarmu yamma take kallo, da la'asar rana ta faɗo kai tsaye cikin idon kyamara, buhu ya koma baƙin dunƙule. Sai da muka yi rumfar kwano a waje, muka sa fitilun LED a gefe-gefe, suna haska kayan a karkace. Lokacin hunturu kuma ƙura ce. Kullum da safe, kafin in buɗe littafi, nakan hure gilashin sannan in goge da tsumma mai laushi. Kada ka goge kafin ka hure, yashin zai karce shi. Ƙurar taki tana cin ƙarfe, don haka ka sa kyamarar cikin akwati mai rufi.

Karanta QR abu ne mai sauƙi, manhajar OpenCV kyauta ce kuma tana yi. Gane buhu ne yake buƙatar koyarwa. Ɗan yayana ya yi amfani da YOLO, wani tsarin gane abubuwa a hoto. Muka ɗauki hotunan kayanmu ɗaruruwa, da safe, da rana, cikin hazo, har da yagaggen buhu da wanda ya zame, muka zauna dare da dare muna zana akwati a kan kowane buhu. Hoton sitonka za ka ɗauka, ba na intanet ba. Farin buhun yuriya da na NPK da na shinkafa kowanne da kamanninsa. Ka ware wasu hotunan kada ka koya wa na'urar su, da su za ka jarraba ta. Duk ranar da aka kawo sabon samfurin buhu, sai an ƙara mata karatu.

Kwamfutar ta zauna a cikin siton, a kan sola da batir, kada aikin ya dogara da intanet. Ka sa a tsara ta yadda in ba ta da tabbas za ta kunna jar fitila, mutum ya zo ya ƙirga da hannu. Wata guda cur muka yi ana ƙirge biyu, nata da nawa, muna gwadawa kowace yamma, kafin na yarda da ita.

Kuma ka tara 'yan dako ka yi musu bayani tun kafin a ɗaura waya ko ɗaya. Sarkinsu ya same ni ya ce, "Malam, ko dai ɓarayi kuka ɗauke mu?" Na kai shi gaban allo na nuna masa hoton falet ɗin da suka sauke da hantsi, da lokacinsa da adadinsa. Da buhu ake biyansu, yanzu in aka yi gardamar nawa suka sauke, shi da kansa yake cewa a buɗe hoto.