Yadda za ka kula da batirin motar daji ya daɗe a zafin Damagaram

A Faransa da Amurka akwai motocin da mutane ke mayarwa ɗakin kwana, da gado da firigo da fitilu a ciki, su tafi yawon hutu. Mu nan Zinder ba hutu ke fitar da mu ba. Amma Land Cruiser ko Hilux ɗin da ke bin hanyar Tanut zuwa Agadas, ko ta ratsa Gure ta nufi Difa, aikinta ɗaya da waccan: ana kwana a gindinta, ana kunna fitila, ana cajin salula, wani ma har da ƙaramin firigo na magani ko ruwan sanyi. Duk wannan nauyi batir ke ɗauka. Ni batir biyu na kashe cikin shekara guda kafin in gane inda gizo ke saƙa, na biyun ko wata bakwai bai cika ba. Na yi ta zagin mai shagon, alhali laifin nawa ne: na ɗaure batirin kusa da injin, kuma ban taɓa cika shi ba tun ranar da na saye shi.

Da farko, raba aikin

Batirin tayar da mota faranti masu siriri ne da yawa a cikinsa, an yi shi ya saki wuta mai ƙarfi na ƴan daƙiƙu, sannan dinamo ya mayar masa nan take. In ka sa shi riƙe firigo dare guda yana zuƙewa har ƙasa, sau kaɗan zai jure kafin farantan su fara zubewa. Don haka batir biyu ake yi. Ɗaya na injin, ba a taɓa shi. Ɗaya na zama, irin na sola mai faranti masu kauri, wanda aka gina don a sha a mayar.

Tsakaninsu sai a sa na'urar da ke haɗawa da rabawa. Injin na tashi wuta ta haura wajen bolt 13.3 ta haɗa su, dinamo ya ciyar da duka biyun; injin na mutuwa ta raba su. Kar ka yarda yaron garaji ya ja maka waya kai tsaye daga wannan zuwa wancan don gudun kuɗin na'ura. Araha ba ta ado. Wata safiya a tsakiyar daji za ka murɗa makulli ka ji ƙas ƙas, ga turawa cikin rairayi. A sa waya mai kauri, murabba'in milimita 16 ko 25, da fiyus a kowane ɓangare kusa da jan kan batir, tazarar kada ta wuce taƙi guda.

Sannan ka yi lissafin abin da kake sha

Nan ne mutane ke ƙosawa, nan ne kuma kuɗi ke salwanta. Ɗauki biro. Firigon da ke jan amfa 4, a zafin bazara injinsa na iya aiki awa 12 cikin 24, ka ga amfa-awa 48 ke nan, wato amfa 4 sau awa 12. Ƙwan fitila biyu masu wat 5 na awa huɗu, kamar 3 da rabi. Salula huɗu, wajen 5. Ƙaramar fanka mai jan amfa 1.5 ta yi awa shida, 9. Jimla kusan 65 a rana.

To ga abin da mai shago ba zai faɗa maka ba: batirin darma, wato wanda aka saba gani mai farantan darma da asid, rabinsa kawai ne naka. Wanda aka rubuta wa amfa-awa 100, hamsin za ka sha ka tsaya. Kana wuce rabi kullum, kana yanke masa kwana. Mai bukatar 65 sai ya nemi 150, ko biyu masu ɗari ɗari, iri ɗaya, sayen rana ɗaya. Ba a haɗa tsoho da sabo, tsohon zai ja sabon su tafi tare.

Butar shayi ta lantarki kuma ka bar ta gida. Wat 1500 ta cikin na'urar juya wutar batir zuwa irin ta gida yana jan sama da amfa 125 daga batir mai bolt 12. Gawayi da mangal sun fi arha, shayin ma ya fi daɗi.

Wajen saye

Tafi da mitarka ta auna bolt. Batir sabo da ke kan kanta ya kamata ya nuna 12.5 ko sama. In ka ga 12.2, ya daɗe yana zaune, kuma zaman ya riga ya fara cinsa. Duba kwanan watan da aka buga a jikinsa, wanda ya haura wata shida ka wuce shi. Sai ka ɗaga shi. Darma nauyi gare ta, ba ta ƙarya: batirin sola na gaske mai 100 yana kai kilo 28 zuwa 30, mai 200 yana kusan 60. In an rubuta 200 kuma ka ɗauke shi da hannu ɗaya kana dariya, takarda ce aka liƙa.

Inda za ka ajiye shi

Wannan shi ne babban lamari a garinmu. Masu ƙera batir suna auna tsawon ransa ne a zafin digiri 25. Duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana rage ransa da rabi. Afrilu da Mayu a Zinder inuwa ma tana wuce 40, balle cikin motar da aka rufe gilasanta aka bari a rana bakin kasuwar Dole. Batirin da zai yi shekara biyar a ƙasar sanyi, a nan in ya ga biyu sai hamdala, sai fa in ka nema masa sauƙi.

Kada ka sa batirin zama cikin ɗakin injin. Ka nema masa wuri a baya, ƙasa ƙasa, nesa da salansa, inda rana ba ta dukansa ta gilashi. Amma kar ka rufe shi ruf, domin batirin ruwa yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, wadda tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Akwati mai huji ta sama, iskar ta fita waje. Wanda ke shan sigari ya matsa can. Ka shimfiɗa masa roba a ƙasa, tsohuwar tib ma ta yi, ka ɗaure shi tamau. Girgizar hanyar laterit tana karkaɗe farantai, garinsu ya taru a gindi har ya haɗa wuta a ciki.

Caji

Batirin darma yana son a cika shi fal, kuma da wuri. Idan aka sha wuta, wani farin gishiri yana fitowa kan farantai. In aka mayar da caji cikin kwana ɗaya ko biyu, gishirin ya narke ya koma ruwa. In aka bar shi makonni sai ya daskare ya zama dutse, wurin da ya rufe kuwa ya mutu ke nan. Yawancin baturan da ake kaiwa garaji ana cewa sun tsufa, wannan ce cutarsu.

Dinamo yana kai batir kashi 80 cikin ɗari da ɗan sauri, sauran 20 ɗin ne ke cin awoyi, don batir yana rage karɓa in ya kusa ƙoshi. Kunna mota a tsaye minti ashirin ƙona gazuwal ne kawai. Tafiya daga Zinder zuwa Mirya da dawowa ma ba ta cika batirin da ya kwana yana aiki. Abin da ke ƙarasa aikin shi ne farantin sola a kan rufi. Mai wat 100 yana ba da amfa-awa 25 zuwa 30 a rana mai kyau, don haka mai shan 65 sai ya sa wajen wat 250. Kada ka haɗa faranti da batir ba regilatar, wato na'urar daidaita caji, a tsakani. Farantin yana fitar da bolt 18 ko fiye, zai dafa batirin ya ƙone masa ruwa. Lokacin hunturu kuma shafe ƙurar farantin kowace safiya ya zama kamar wanke fuska.

A regilatar ka zaɓi irin batirinka, na ruwa ne ko AGM ko GEL (rufaffun da ba a ƙara musu ruwa), kowanne da iyakarsa. Ga na ruwa, caji yana hawa wajen 14.4, ya tsaya nan awa biyu zuwa huɗu, sannan ya sauko wajen 13.5 ya riƙe. Amma 14.4 ɗin nan ma lissafin digiri 25 ne. A zafin 40 sai a rage kamar 0.3 zuwa 0.4, ya dawo wajen 14. Regilatar mai kyau tana zuwa da ƴar waya mai jin zafi da ake liƙawa a jikin batir, ita ke yin ragin da kanta. Sau da yawa masu ɗaurawa suna barin ta cikin kwali, ka ce a liƙa ta. Idan ka taɓa batir kana caji ka ji hannunka ba ya iya zama a kai, tsaya, ya kai digiri 50.

Kwana ɗaya kafin tafiya ka haɗa shi da caja ta wutar Nigelec ya kwana, ba a fafe gora ranar tafiya, balle wutar da ba ta sallama kafin ta tafi. Ƙarfin cajar ya zama kashi ɗaya cikin goma na girman batir, amfa 10 ga mai 100, kuma ta zama mai yanke kanta. Masu cajin gaggawa da ke tafasa batir cikin awa guda, ruwan yana kumfa ana murna, farantai suke lanƙwasawa.

Awo

Ƙaramar mita ta fi kowane ƙiyasi. Ka kashe komai, ka cire caji, ka bar batir ya huta awa uku ko huɗu, sannan ka auna. 12.6 zuwa 12.7 ya cika. 12.4 saura kashi uku cikin huɗu. 12.1 zuwa 12.2 rabi, nan ake tsayawa. Ƙasa da 11.9 babu komai. Awon da aka yi rana tsaka farantin sola na aiki ba ya faɗin gaskiya, wutar farantin kake gani. Yawancin firigon mota suna da wurin saita inda za su kashe kansu. Sa shi a mataki na sama, gara ruwa ya ɗan yi ɗumi.

Ruwa da tsafta

Ga batir mai murafe, duba ruwa kowane wata, a bazara kowane sati biyu. Ruwan ya rufe farantai da kamar santimita ɗaya. Ana ƙarawa bayan caji, sai dai in farantan sun fito fili, to sai a rufe su tukuna. Tataccen ruwan da ake sayarwa don batir kaɗai za ka zuba. Ruwan famfo, na rijiya, na leda, duk suna da gishirin ƙasa da ke kashe farantai a hankali. Asid kuma ba a ƙara shi. Ruwa ne ke ƙonewa, asid yana nan. Wani mai gyara ya taɓa zubar min da ruwan batir ya cika shi da sabon asid, ya ce ya farfaɗo. Sati uku ya yi.

Koren garin da ke taruwa a kawunan batir, cire baƙar waya tukuna, sannan ja. Wajen mayarwa ja ke fara shiga. Cire zobe da agogon ƙarfe. A wanke da bikarbonat a ruwa, in babu, ƴar kanwa da aka jiƙa aka tace tana aikin, don ita ma tana kashe kaifin asid. Murafen su kasance a rufe, ɗigo ɗaya bai kamata ya shiga ciki ba. A goge ya bushe, a ɗaure da kyau, a shafa basilin. Saman batirin ma a goge shi, ƙura da danshi suna zama hanyar da wuta ke sulalewa.

Zancen lityom

Baturan lityom irin LiFePO4 sun shigo kasuwa, kuma ni ina ganin mai tafiya kullum da ke da hali ya saye su. Mai 100 kilo 12 ne ko kusa, ana iya shan kashi 80 zuwa 90 nasa, yana jure cikawa da sha sau dubu biyu ko fiye inda na darma ke yin ƴan ɗaruruwa, kuma zama a rabi ba ya cutar da shi. Amma ba a jona shi kai tsaye da dinamo, yana zuƙar wuta har dinamon ya ƙone, sai an sa caja ta DC-DC, mai ƙayyade wutar da yake ja, a tsakani. Ba a cajinsa idan sanyi ya kai sifiri, abin da kan iya faruwa da asuba cikin ɗari a tsaunukan Ayar. Zafi shi ma yana tsufar da shi.

In mota za ta zauna

Cika batirin darma fal, cire baƙar waya, don rediyo da na'urar juya wuta suna tsotsa ko a kashe. A zafinmu batir yana zubar da wuta shi kaɗai da sauri, don haka auna kowane wata, yana kusantar 12.4 ka mayar da caji. Na lityom a bar shi wajen rabi. Maganar da ake yi cewa siminti yana shanye wutar batir ta zamanin akwatin katako ce. Na yanzu roba ne, ƙasan ɗaki mai sanyi ya fi masa ko'ina.

Idan kana shakkar ko ya mutu, cika shi, ka haɗa masa ƙwan fitilar mota mai wat 55, wanda ke jan amfa 4 da rabi. Lafiyayyen mai 100 zai riƙe shi awa goma, bayan ya huta ka same shi wajen 12.1. Wanda ya faɗi cikin awa biyu ya gama. Haka wanda ya kumbura, ko yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko ya kwana bayan caji ya wayi gari a 10.5, wannan ɗaki ɗaya cikin shidansa ne ya haɗe. Kai shi wurin masu sayen tsohon batir yadda yake, a tsaye, murafe a rufe. Kada a fasa shi a tsakar gida don ciro darma, kada kuma a ɗauraye akwatinsa a zuba wa awaki ruwa a ciki.