Ga ƙannena masu shirin tafiya aiki Ɗa'ifa da Abha

Duk hutun da na zo ƙauyenmu a ƙasar Ringim, samari kan cika zauren Baba bayan isha'i, kowa da hoton biza a waya, tambayar kuma ɗaya ce: "Yaya, daga can zuwa Harami akwai nisa?" In na duba takardar aikin sai in ga Abha, ko Baha, ko Khamis Mushait. Ƙannena, Saudiyya ba Makka da Madina da Jidda ba ce kaɗai. Daga Abha zuwa Makka ya haura kilomita 500, kuma hanyar duwatsu ce.

Akwai jerin duwatsun da ake kira Sarawat, sun miƙa daga gabashin Makka suka yi kudu har cikin Yaman. Ta yamma gangarensu a tsaye yake, yana faɗawa Tihama, ƙasar zafi da gumi ta bakin Bahar Maliya. Ta gabas kuwa a hankali ƙasar ke sauka har ta shiga hamada. A kan doron duwatsun nan garuruwan suke. Ɗa'ifa tana kan tudu kimanin mita 1,800 daga matakin teku, Abha ta wuce 2,200, dutsen Sauda da ke kusa da ita ya kusa 3,000. Birnin Kano bai kai 500 ba. Saboda haka wanda ya ɗauko 'yan riguna marasa nauyi wai zai je ƙasar Larabawa, zai sha mamaki a watan Janairu. Sanyin can da laima yake zuwa, gajimare kan sauko har ƙasa ya rufe hanya, ba ka ganin motar gabanka. Ku sayi bargo da rigar sanyi da kuɗinku na farko. Kada kuma wani ya kunna gawayi a ɗaki ya rufe ƙofa ya kwanta, hayaƙin da ba a gani yana kisa cikin barci. Masu kiwo su kiyayi kwari: ana iya yin ruwa a kan dutse can nesa, kai kana cikin rana, sai ambaliya ta sauko ta same ka da awakin mutane.

Abinci, masallaci da Larabcin kasuwa ba sa ba kowa wahala, da kanku za ku saba.

Ɗa'ifa kun san ta tun a makarantar allo. Nan Annabi (SAW) ya je da Zaidu ɗan Harisa kafin hijira, Banu Saƙif suka sa aka jefe shi, ya fake a wani lambu inda bawan nan Addas ya kawo masa inabi. Har yau garin inabi ne da rumman. A nan Abdullahi ɗan Abbas ya rasu, masallacin da ke ɗauke da sunansa yana tsakiyar gari. Dakarun Sarki Abdul'aziz sun karɓe ta daga hannun Sharif Husaini a 1924, a nan aka ƙulla sulhu da Yaman a 1934, a nan sarkin ya rasu a 1953, a nan kuma 'yan Lebanon suka sa hannu kan yarjejeniyar tsayar da yaƙin basasarsu a 1989. Sarakuna sun daɗe suna gudo mata zafin bazara. A Hada da Shafa, kusa da Ɗa'ifa, ake noman wardi, ana tsinkar furen da asuba a watannin Maris da Afrilu kafin rana ta shanye ƙamshin, a tace shi a manyan tukwane. Kudu da nan, mutanen Baha da Asir manoma ne tun kaka da kakanni, sun sassaƙa gefen dutse hawa-hawa suna shuka alkama da dawa, suna kiwon zuma. Kasuwanninsu ma na rana ne, kamar yadda Maigatari ke ci ran Alhamis: Abha na da tsohuwar kasuwar Talata, Baljurashi ta Asabar. Wanda ya san tarihin ƙabilar mai gidansa, ya iya gaisuwarsu, ya fi samun sauƙi.

To, ga inda ake kuka. Kafin ka sayar da gonar gado ko shanun Inna ka ba dillali, ka sa wanda ya iya Larabci ya karanta maka sana'ar da aka rubuta a bizarka. In an rubuta makiyayi, ko ma'aikacin gona, ko direban gida, ka sani gyaran dokar ƙwadago da aka yi a watan Maris na 2021, wanda ya sauƙaƙa sauya wurin aiki da fita ƙasar ba da yardar kafili ba, wato mai gidan da ya ɗauko ka aiki, bai haɗa da ku ba. Dillali ba zai faɗa maka wannan ba, shi dai "ka je kawai, in ka isa sai ka canza". Ba a canzawa haka nan. A Jidda ko Riyad ko ba komai za ka ga ɗan'uwa a masallaci ka yi shawara. A gonar da ke bayan dutse kuwa, babu motar haya, wayar ma sai ka hau tudu take kamawa, kafilin shi ne motarka, shi ne kantinka, shi ne tafintanka.

Nawa kafilin ya karɓi fasfona a filin jirgi, wai zai adana mini. Igama, wato katin izinin zama, ta yi ta jan ƙafa, kullum "bukra, in sha Allah", wato sai gobe. Ba igama ba layin waya na dindindin, ba asusun banki, asibiti ma da kyar, kuma duk shingen 'yan sanda gabanka na faɗuwa. Da na matsa kan albashi sai ya yi mini barazanar rubuta ni a matsayin wanda ya gudu, abin da ake kira hurub. Wani dattijo Bahaushe haifaffen Ɗa'ifa ne ya shiga tsakani. Abin da nake so ku riƙe: doka ta hana mai aiki riƙe fasfon ma'aikaci, kuɗin igama a wuyansa yake, kuma ya kamata ta fito cikin kwana 90 da shigarka. Ka ɗauki hoton fasfo da biza da takardar yarjejeniya, ka tura wa wani a gida. Da igama ta fito ka buɗe Absher, manhajar gwamnati, a wayarka, da lambarka, ba ta kafili ba, ka riƙa duba ranar ƙarewarta. Albashi ya shiga ta banki, domin "na ba ka a hannu" ba ta da shaida. In abu ya ɓaci, ƙara ake kaiwa, ba a guduwa. Yaran da suka bi dare suka gangara Jidda wai za su yi buga-buga, da yawansu a gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, suka ƙare, aka dawo da su da kayan jikinsu, ga bashin dillali na jiransu a gida.

Masu aikin kamfani da ke kama haya da kansu, ku lura da bazara. Lokacin ne mutanen Riyad da Jidda ke hawowa shan iska, kuɗin haya ya tashi, mai gidan da ya yi maka alkawari da baki ya ce ka tashi yana da baƙi. A rubuta hayar shekara a Ejar, shafin gwamnati na rajistar haya, ko ka nemi wani gidan.

Mutanenmu a Saudiyya ba baƙi ba ne. Kakannin wasu da ƙafa suka taka ta Chadi da Sudan, wasu tun bayan yaƙin Burmi na 1903, jikokinsu yau 'yan ƙasa ne, akwai malamai, akwai 'yan kasuwa, akwai 'yan ƙwallo. Za su ciyar da kai, su yi maka tafinta, in ka rasu su sallace ka. Amma sun gaji da yaron da bai neme su ba sai da ya tsere daga gona, sannan ya bugo da tsakar dare yana "Kawu, ka taimake ni". Ka je ka gaishe su a makonka na farko, tun babu matsala.

Umara daga Ɗa'ifa ba wuya. Miƙatinku Ƙarnul Manazil ne, a Sailul Kabir, ko Wadi Muharram in ta Hada za ku sauka, hanya mai lanƙwasa da gwaggon biri a gefe, wadda akan rufe in ruwa ko gajimare ya yi yawa. Hajji kuma sai da tasrihi, wato takardar izini. Direban da ya ce zai zagaya da ku ta bayan dutse kuɗinku yake so, in an kama ku tara ce da kora da hana dawowa na shekaru.