Yadda ake maye gurbin giyar inabi a girkin Turawa, da yadda ake adana madadinta

Duk mai bibiyar girke-girken Turawa za ta ci karo da sunaye huɗu: Sherry daga Jerez a kudancin Sifen, Port daga kwarin Douro a Fotugal, Madeira daga tsibirin Madeira, da Marsala daga Sisili a Italiya. Dukkansu giyar inabi ce da aka ƙara wa barasa don ta jure ajiya, ƙarfinta yakan kai kashi 15 zuwa 22 cikin ɗari. Kada a ruɗe ki da cewa wuta na kore barasar. Gwajin da aka yi a Amurka ya nuna bayan minti 15 ana tafasa, kusan kashi 40 na barasar na nan, bayan awa biyu da rabi ma da saura. Abin da ake nema a jikin giyar tsami ne da zaƙi da ƙamshi, kuma duk muna iya samunsu ta halal.

Da farko ki duba wacce giya aka ambata a girkin. Idan Sherry ce marar zaƙi, a miya ko naman kaza, ki haɗa rabin kofin romon kaza da ƙaramin cokali ɗaya na khal ɗin tuffa. Idan Marsala ce, ruwan farin inabi rabin kofi da cokali ɗaya na khal. Madeira kuwa gasa ta ake yi da gangan, shi ya sa take ƙamshin ƙonannen sukari, don haka ki jiƙa dabino biyu da ɗan tsamiya a romo mai zafi ki tace. Port ja ce mai zaƙi, kuma a ganina babu abin da ya kai zoɓo mai kauri da ɗan zuma dacewa da ita, musamman a naman rago.

Wajen saye ki karanta jikin kwalba da kyau. Wadda aka rubuta "cooking wine" giya ce da aka zuba wa gishiri. Ruwan inabi kuma ki nemi tsantsarsa, wanda ba a ƙara wa sukari ba.

Sai zubawa, nan ne aikin yake. Bayan kin soya naman kin kwashe, za ki ga ɗan ƙanzo ruwan ƙasa ya manne a gindin kasko. Kada ki wanke shi. Ki zuba haɗin yana cuu, ki kankare da muciya har ƙanzon ya narke, ki bar shi ya tsotse ya koma rabi. Ki ɗanɗana kafin ki sa gishiri. Ruwan inabi ya fi giya zaƙi, kuma yana saurin kamu, sai ki rage wuta.

Ajiyar khal ba wuya: kwalbar gilashi, a toshe, nesa da rana da murhu. Kada ki zuba shi a gwangwani, yana cin ƙarfe. Ruwan inabi da zoɓo su ne abin kula. Da zarar an buɗe, firji, kuma kada su wuce mako guda. Idan aka bar su a zafi sai su fara kumfa, su tsimu da kansu. Inda wuta ke tsayawa, ki daskarar da ragowar a mazubin ƙanƙara, ki riƙa ɗaukar ƙwaya biyu ko uku. Inda ba ta tsayawa, ki sayi ƙaramin kwali da zai ƙare a girki ɗaya.