Yadda mai raunin laka zai fara motsa jiki da shiga wasanni

Wanda ya samu rauni a laka, ko ta haɗarin mota ko faɗowa daga bishiya ko harbi, jikinsa daga wurin raunin zuwa ƙasa ya daina kawo masa labari. Fata na iya ƙujewa bai ji ba, mafitsara ta cika bai sani ba, zafi ya taru a jiki gumi bai fito ba. Duk da haka motsa jiki wajibi ne gare shi, domin yawan zama a keke na jawo ƙiba, ciwon suga da ciwon zuciya kuma sun fi saurin kama mai wannan lalura. Saboda haka duk tsarin atisayensa zai ginu ne a kan sa ido inda jiki ya daina ji.

Kafin komai, ka san matakin rauninka. Yana rubuce a takardar asibiti da harafi da lamba: C na nufin wuya, T gadon baya, L ƙugu. Lambar da ta fi muhimmanci ita ce T6. Idan rauninka a nan yake ko sama da nan, hawan jini da bugun zuciya da gumi ba sa bin umarnin ƙwaƙwalwa yadda suka saba. Ka nemi likitan da ya duba ka ya tabbatar ƙashin baya ya zauna, sannan ma'aikacin sashen gashin ƙashi, irin na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko na asibitin koyarwa mafi kusa da kai, ya gwada tsokokin da ke aiki.

Ƙa'idojin masana da aka wallafa a 2018 sun kawo adadi bayyananne ga manya. Don samun ƙarfin jiki, aƙalla minti 20 na motsin da ke sa haki, sau 2 a mako, haɗe da atisayen ƙarfafa tsoka zagaye 3 ga kowace babbar tsoka mai aiki, shi ma sau 2 a mako. Don lafiyar zuciya da daidaita suga, minti 30 sau 3 a mako. Wanda ya daɗe a kwance kada ya fara da wannan adadin. Ya yi minti 5, ya huta, ya ƙara 5, ya riƙa ƙara minti 2 ko 3 duk mako.

Wajen auna tsananin atisaye, kada ka dogara da ƙirga bugun zuciya. Mai rauni a wuya zuciyarsa da wuya ta wuce bugu 120 zuwa 130 a minti ɗaya komai ƙoƙarinsa. Magana ce ma'auni mafi sauƙi: idan kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, kana kan matsakaici, idan kalma biyu ko uku kawai ke fita kafin ka ja numfashi, ka shiga mai tsanani.

Kayan aiki ba sai na kanti ba. In nauyin ɗagawa kake so, ledar ruwa ɗaya rabin kilo ce, babbar gorar ruwa kilo ɗaya da rabi. Tsohon tiyub na keke, a tsaga shi a tsaye a ɗaure a ƙarfen taga, ya isa robar ja. Ka ja wa keken birki, ka ɗaure ƙirji da jikin keken da zane mai faɗi idan bayanka ba ya riƙe ka, sannan ka ja robar zuwa ƙirji kana matse allunan kafaɗa, sau 8 zuwa 10. Na biyu, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, ka buɗe hannun zuwa waje. Wanda yatsunsa ba sa riƙo, a ɗaure masa robar a wuyan hannu da ƙyalle mai laushi.

A nan mutane da yawa ke kuskure, suna ta atisayen turawa gaba saboda shi ne ke fito da ƙirji. Tura keke da ɗaga jiki zuwa gado sun riga sun ƙarfafa tsokokin gaba, na baya ne ke lalaci, shi ya sa kafaɗa ke zamowa gaba har jijiya ta riƙa matsewa in an ɗaga hannu. Don haka ja ya fi turawa yawa, kuma a miƙar da ƙirji a bakin ƙofa na daƙiƙa 30 bayan an gama. Kafaɗar mai keke ita ce ƙafarsa. Ranar da ta lalace, ko sauka banɗaki sai an ɗauke shi.

Turin keken ma da yadda ake yi. Turi dogo mai santsi, hannu ya saki ƙarfen turin ya dawo ta ƙasansa kamar yana zana rabin da'ira, ya fi gajeren turi mai yawa. Ka saki hannuwanka a gefe kana zaune: idan kan ɗan yatsan tsakiya ya kai tsakiyar tayar, tsayin kujerar ya yi daidai. Tayar da ba iska tana ƙara wahala, a duba ta duk mako.

Fata kuwa, duk minti 15 zuwa 30 ka sunkuya gaba ko ka karkata gefe kusan minti 2, ko da ana tsakiyar wasa. Ɗaga jiki na daƙiƙa biyar ba ya isa jini ya dawo, kuma yana cin kafaɗa. Bayan atisaye ka duba ɗuwawu da ƙashin gindi da dugadugai da madubi. A baƙar fata ja ba ya nunawa sosai, sai ka lura da wurin da ya ƙara duhu, ya yi tauri, ko ya fi gefensa ɗumi. In ka ga haka, a sauka daga kan wurin har ya koma daidai. Wando jiƙe da gumi ko fitsari a canza shi nan take.

Masu rauni a T6 zuwa sama su haddace wannan. Wani abu na damun jiki a ƙasan raunin, galibi cikar mafitsara ko lanƙwasar robar fitsari ko taurin bayan gida, sai jini ya hau farat ɗaya. Alamominsa ciwon kai mai sara, gumi da ɗumi a fuska da wuya, toshewar hanci, gani dishi-dishi. Kada a kwantar da mutum. A zaunar da shi tsaye, ƙafafu a ƙasa, a kwance duk abin da ya matse shi, a duba robar fitsari ko a zubar da fitsarin. Idan bai lafa ba cikin 'yan mintuna, sai asibiti, domin yana iya kai wa ga shanyewar jiki. Shi ya sa ake zubar da fitsari kafin a fara kowane atisaye. Akasinsa shi ne jiri da duhun ido saboda faɗuwar jini; nan kuma a kishingiɗar da keken baya a ɗaga ƙafafu.

A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, atisaye sai bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, a inuwa. Tunda gumi ba ya fita a ƙasan raunin, a riƙa fesa ruwa a fuska da wuya da hannuwa, a ɗora jiƙaƙƙen tawul. Ƙasusuwan ƙafa kuma suna yin rauni bayan daina tafiya, sukan karye kusa da gwiwa da ɗan murɗawa kaɗan. Mai taimakawa wajen miƙar da ƙafa ya yi a hankali, kada ya danna da ƙarfi.

Gasar Paralympics ma, wato babbar gasar wasannin nakasassu ta duniya, daga masu raunin laka ta faro. Likita Ludwig Guttmann ne ya shirya wa majinyatansa gasar harbin kibiya a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1948, daga nan aka kai ga gasar Paralympics ta farko a Roma a 1960. Wasan da ya fi sauƙin farawa shi ne ƙwallon tebur, domin keken gida ya isa. A tanis ana barin ƙwallo ta taɓa ƙasa sau biyu. A ƙwallon kwando kowane ɗan wasa na da maki daga 1 zuwa 4.5 gwargwadon yadda yake sarrafa gangar jikinsa, kuma mutum biyar da ke fili ba za su wuce maki 14 ba, saboda haka ƙungiya na buƙatar mai rauni a sama, wanda makinsa kaɗan ne. Ɗaga ƙarfe a kwance, inda Najeriya ta yi suna tun bayan fara zuwanta gasar a 1992, ya dace da mai ƙarfin hannu, amma a sa shimfiɗa mai laushi a benci kuma kada a riƙe numfashi.

Ƙwallon guragu da ake bugawa a kan allo mai taya a Kano da sauran garuruwan Arewa, ra'ayinmu shi ne mai raunin laka ya bar ta. Akasarin masu buga ta shan inna ce ta same su, suna jin fatarsu, sun san lokacin da za su gyara zama. Wanda ba ya ji, awa ɗaya a kan katako na iya buɗe masa gyambon da zai kwantar da shi watanni. Ya tambayi hukumar wasanni ta jiharsa ko ƙungiyar nakasassu inda ake atisayen keke, ya tafi da matashin zamansa, ko da kuwa za a ba shi aron keken wasa.