Yadda Ake Bin Sawun Tsohon Ɗan Ƙwallon Ostireliya a Jaridun Da

Da bin sawun H. C. A. Harrison na koyi wannan aiki, don haka da shi zan nuna maka hanya. An haife shi a 1836 kusa da Picton a New South Wales, ya rasu a Melbourne a 1929. Ya yi kyaftin na Melbourne da na Geelong a irin ƙwallon nan ta Ostireliya da ake riƙe ƙwallo a hannu ana gudu da ita, kuma a zamaninsa shi ne gwarzon tseren ƙafa na yankin Victoria, inda Melbourne take.

Ka fara da Trove, rumbun tsoffin jaridu na babban ɗakin karatu na ƙasar, wanda kowa ke shiga kyauta ta intanet. Jaridun da za ka fi buƙata su ne The Argus, The Age da Bell's Life in Victoria. Kada ka nemi mutum da cikakken sunansa, domin jaridun lokacin haruffan farko suke rubutawa, sannan sunan dangi. Idan ba ka ga komai ba, canza harafi ɗaya ka sake gwadawa. Na'ura ce ta karanta tsohon bugun, tana yawan tuntuɓe.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne neman labarin gudu a shafin ƙwallo. Ba ya can. Tseren ƙafa a wancan zamani ana sa shi ƙarƙashin kalmar "pedestrianism", ita za ka rubuta. Tazara da yadi ake auna ta, yadi 440 kuwa kusan mita 402 ne. Ka kuma lura ko mutuminka yana gudu don kuɗi ne ko don sha'awa, saboda bambancin nan ya raba 'yan tsere gida biyu. Harrison yana cikin masu ƙin karɓar kuɗi. In kuwa naka mai neman lada ne, duba sakamakon Stawell Gift, tseren da ake yi lokacin Ista tun 1878, inda ake ba marasa ƙarfi 'yar rata tun daga wurin tashi. Yawan ratar da aka ba shi zai gaya maka yadda ake ganin saurinsa.

Abin da na fi damuwa da shi yanzu: kada laƙabi ya ruɗe ka. An daɗe ana kiran Harrison uban wannan wasa, ni ma haka na ɗauka da farko. Sai na bi kwanan wata. Wasiƙar da ta nemi a kafa kulob ɗin ƙwallo, ɗan'uwansa Tom Wills ne ya rubuta ta, ta fito 10 ga Yuli 1858. Dokokin farko an tsara su a watan Mayu 1859, ba kuwa Harrison a cikin waɗanda suka zauna. Rawar da ya taka da gaske ta zo ne a 1866, lokacin da ya jagoranci gyaran dokoki, aka ce mai gudu da ƙwallo dole ya riƙa buga ta a ƙasa bayan 'yan yadi. Wannan kaɗai ya ishe shi daraja, ba sai an ɗora masa na wani ba.

Shi da kansa ya wallafa tarihin rayuwarsa a 1923, yana da shekara tamanin da ɗoriya. Ka karanta shi, amma duk tseren da ya ambata, ka koma jaridar makon da aka yi shi, ka rubuta sunan jarida da rana da shafi kafin ka ci gaba.