Yadda nake koya wa likitocin gaggawa duba yaro

Duk likitan da aka turo mini daga sashen gaggawa na manya don neman ƙwarewa, ranar farko kujera nake ba shi a bakin ƙofa, inda iyaye mata suke layi da goyo. Nakan karɓe abin sauraren ƙirjinsa in saka a aljihuna. Aikinsa ya dubi kowane yaro, cikin ƙasa da minti ɗaya ya ce mini wanda za a shige da shi yanzu, wanda zai bi baya, da wanda zai jira. Wannan shi ne tsarin ETAT na Hukumar Lafiya ta Duniya, na tantance yaran da suke buƙatar gaggawa, wanda aka gwada shi a Blantyre ta ƙasar Malawi: numfashi, zagayawar jini, suma ko jijjiga, sai bushewar jiki.

Kusan kowa yakan ruga wajen yaron da yake tsala ihu. Sai in ja hannunsa zuwa ga wanda ya yi lamo a bayan uwarsa, hijabi ya rufe shi. "Mama, sauko mana da shi mu gani." Wannan jimla ita ce darasin farko, don sau da yawa uwa tana zaton barci yake, alhali ya suma tun a cikin Keke. Ku sa ɗalibi ya ƙirga numfashi minti guda cur da agogo: 60 ga jaririn da bai kai wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa shekara, 40 daga shekara ɗaya zuwa biyar. Ya kai haka ko ya wuce, numfashi ya yi sauri.

Rana ta biyu sikeli. Likitan manya ya saba da kwalba ɗaya ga mutum ɗaya. A wajenmu kowane magani da kilo yake tafiya. Akwai lissafin da ake koyarwa, a ƙara 4 a kan shekarun yaro a ninka biyu, amma yaranmu da yawa ba su kai wannan nauyin ba, wasu iyayen ma shekarun sai dai su ce "an haife shi da azumin bara waccan". Saboda haka ina dagewa a ɗora kan sikeli, in ba hali a auna uwa da ɗa, a cire nata. Ina sa kowa ya rubuta kati da hannunsa ya riƙe a aljihu: artesunate, allurar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, miligiram 3 a kowane kilo ga wanda bai kai kilo 20 ba, 2.4 ga wanda ya kai, a ba shi nan take, sai bayan awa 12, sai 24. Diazepam, maganin jijjiga, ta dubura miligiram 0.5 a kowane kilo. Ruwan sukari mai kashi 10, mililita 5 a kowane kilo. Kuma sai ya haɗa mai kashi 10 ɗin a gabana daga mai kashi 50, awo ɗaya nasa a haɗa da awo huɗu na ruwan allura, tunda ranar da ya buƙace shi da tsakar dare mai 50 zai tarar a kabad. Yaron da ya suma ko yake jijjiga, a duba sukari kafin a fara dogon tunani. Babu abin awo? A ba shi.

Inda nake ɓata mafi yawan lokaci shi ne ƙarin ruwa, don a nan hannun da ya saba da manya yake yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Na taɓa shigowa na tarar an sake wa wata yarinya mai tamowa ledar ruwa tana zuba kamar famfo, idanunta sun fara kumbura, numfashi ya hau. Likitan haziƙi ne, abin da aka koya masa ya yi. Tun daga ranar nake zaunar da su in ba su labarin binciken FEAST da aka wallafa a 2011, wanda aka yi a Kenya da Uganda da Tanzaniya a kan yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani. Waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa cikin awa 48, kusan 10.5 cikin ɗari, waɗanda ba a ɗura wa ba 7.3. Nakan bar su su yi musu da ni, ya fi shiga.

Sannan in raba musu yaran kashi uku, da yara na gaske a kan gado. Mai gudawa da ya bushe ƙarƙaf, ba shi da tamowa, yana buƙatar ruwa da yawa, mililita 100 a kowane kilo bisa tsarin da aka sani. Binciken nan bai shafe shi ba, kada tsoro ya hana a ba shi. Mai zazzaɓi kuwa ba a ɗura masa sai alamu uku sun haɗu: hannu da ƙafa sanyi, an matsa farce an saki ya wuce daƙiƙa uku jini bai dawo ba, bugun jijiya mai sauri mara ƙarfi. Shi ma a hankali, mililita 10 zuwa 20 a kowane kilo cikin rabin awa zuwa awa. Mai tamowa, wanda damtsensa bai kai santimita 11.5 ba ko ƙafafu biyu suka kumbura, zuciyarsa ba ta ɗaukar lodi. In zai iya sha, ta baki ko ta robar hanci. Kuma a buɗe tafin hannu a duba ko ya yi fari. Da damina, sau da yawa tsoron da ake yi wa "rashin ruwa" rashin jini ne, jini yaron yake so.

Duk Alhamis muna atisaye da 'yar tsana, tare da sistocin ɗakin, don su ne suka san inda komai yake kuma sun fi mu iya samun jijiyar jariri. Ina sayo cinyoyin kaza daga kasuwa su koyi huda ƙashi a kansu, wato sa allura ta ɓargo idan jijiya ta ƙi samuwa. Wanda ya taɓa jin yadda allura take faɗawa ɓargo ba zai tsaya neman jijiya har minti ashirin ba. Ban yarda a kunyata kowa a wajen ba. In an yi kuskure a tsaya, a sake.

Tambayar uwa ma koyonta ake. "Me kuka ba shi a gida?" cikin faɗa ba ta samo amsa. "Mama, kafin ku zo me aka gwada masa, don kada maganinmu ya yi karo da shi?" ita take fito da jiƙo, da manjan da aka ɗura wa wanda ya sha kananzir, da belin da wanzami ya yanke shekaranjiya.

Idan yaro ya rasu a hannun ɗalibi, ni nake zuwa tare da shi wajen iyayen a karon farko, in yi maganar yana ji. Bayan nan mu sami minti goma a ofis, in ba shi ruwa, mu bi takardar layi-layi daga lokacin da suka iso ƙofa.