Igiya Ta Miƙe Ba Ya Nufin Ɗaki Ya Daidaita

Na gaji da yaran da ke koyon gini su ja igiya, su ce "Oga, ta miƙe," su ɗauki diga. Miƙaƙƙen layi shi ne hanya mafi gajarta tsakanin turaku biyu, iyakarsa ke nan. Bai ba ka labarin kusurwa ba, bai ce bango ya tsaya cak ba, bai ce daɓe ya kwanta daidai ba. Kowanne da awonsa.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne a auna gefe huɗu, a ga masu fuskantar juna tsawonsu ɗaya, a ce an gama. Ɗauki kwalin ashana mara ciki ka ɗan danne shi: gefunan suna nan a miƙe, tsawonsu bai canza ba, amma kusurwoyin sun karkace. Haka wani yarona ya fitar mini da harsashin ɗaki, ba wanda ya lura sai da mai tayil ya zo. Jerin da ya fara da cikakken tayil a bakin ƙofa ya ƙare da siririn yanki a ƙurya. Mai gida ya tsaya yana kallo, bai ce uffan ba, ni kuwa da kuɗin aljihuna na rushe bango na sake ɗorawa.

Maganin ba ya cin minti biyar. Daga kusurwa auna ƙafa 3 a gefe ɗaya, ƙafa 4 a ɗayan. Tsakanin alamun biyu dole ya zama ƙafa 5, domin 3 sau 3 (9) da 4 sau 4 (16) su ne 25, wato 5 sau 5. Ni na fi son 6, 8, 10, don ɗan kuskuren awo ya fi fitowa fili. Sannan ka gicciya tef daga kusurwa zuwa kishiyarta, ka sake yi da sauran kusurwoyin biyu. Ɗaki mai ƙafa 12 da 16, kowane gicciye ƙafa 20 ne. In sun saɓa, kada ka kira masu haƙa. Wane irin sauri ne wannan? Kankare ba ya jin ban haƙuri.

Na biyu, yarda da doguwar igiya. Komai jan da ka yi mata, nauyinta sai ya sa ta yi ciki a tsakiya. Ta sama za ka gan ta sambal, ta gefe kuwa ta lotsa, jerin bulo ya bi ta. Ni ina tallafe ta a tsakiya, tsayi kuma da tiyon ruwa nake ɗauka, wato tiyon da ake cikawa da ruwa, ruwan bakinsa biyu ya tsaya a tsayi ɗaya. Kada bulo ya taɓa igiya. Ɗaya ya tura ta, na bayansa duk sun fita.

Turaku biyu kullum a layi ɗaya suke, na uku ne ke gwada ka, don haka kanne ido ka hango su tare. Katakon da kake ja layi da shi ma ka gwada shi: ja layi, kifa shi, sake ja a wuri ɗaya, in layukan sun rabu, ya tanƙware. Abu kuma yana iya jingina alhali a miƙe yake, kamar katakon da kafinta ke gicciyawa a jikin firam. Alwatika yake haɗawa da shi, ita kuwa muddin gefunanta uku ba su canza tsawo ba, kusurwarta ba ta motsi.